Kwaɗon Gindin Katanga

A shekarar da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da mahaifiyata, aka haƙo wani kwaɗo a gindin katangar gidanmu na Tirwun, a gefen garin Bauchi. Ba kwaɗon ruwa ba, na ƙofa. Magina ne ke gyara hanyar ruwa kafin damina ta sauka, sai diga ta ɗago shi, ƙunshe cikin tsumma da leda, an naɗe da baƙin zare. Da ni ce a tsakar gida a lokacin, wallahi bola zan jefa shi a wuce wurin. Sai aka yi rashin sa'a Gwaggo ce ke zaune a bakin ƙofa tana tsintar shinkafa.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Tun ranar da aka sallamo Inna daga asibiti ta ƙullo kayanta daga cikin gari ta tare a gidanmu, ba tare da kowa ya roƙe ta ba. Ita ke yi wa Inna wanka, ita ke juya ta a kan gado, ita ke wanke abin da mu 'ya'yanta muke kau da kai idan mun gani. Ina faɗin wannan tun da wuri don kada a ɗauka muguwa ce. Mace ce mai zumunci, sai dai idan abu ya shiga kanta, ko da tirakta ba a fitar da shi.

Ciwon ya tafi da hannun Inna na dama da ƙafarta, ya kuma tafi da maganarta. Kalma ɗaya tak ya bar mata: to. Ko me aka ce mata, to. In tana jin ƙishi, to. In an taka mata ƙafa, to. Matar da a da in ta fara faɗa maƙwabta ke rage ƙarar rediyo don su ji, ita ce ta koma haka. Hankalinta kuwa garau yake, ana gani a idonta, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

Da na biyo gidan daga makarantar da nake koyarwa, na tarar an ajiye kwaɗon a kan murfin kwano a tsakiyar tsakar gida, kowa na kewaye shi kamar kunama. Gwaggo ta ja ni gefe ta ce asiri ya tonu. An kira sunan Inna an kulle kwaɗo an binne, shi ya sa bakinta ya kulle. Na ce likita ya ce hawan jini ne. Ta ce ai shi sammu ba ya zuwa da ƙafarsa, wata cutar yake hawowa. Don ta nuna mini, ta sunkuya gaban Inna ta tambaye ta ko hannu aka sa mata. Inna ta ce to. Gwaggo ta juyo ta dube ni, kamar an yanke hukunci a kotu.

Ba ta ambaci sunan kowa ba. Ta dai ce a duba a ga katangar wa aka samu abin a gindinta.

Katangar ita ce ta raba mu da Maman Bariki. Haka muke kiranta, don mijinta soja ne da ya yi aiki a barikin Shadawanka, da ya yi ritaya ya gina gida a jikin namu. Kirista ce daga kudancin Bauchi. Lokacin da iyayena suka baro cikin gari suka koma Tirwun, gidajen nan biyu ne kawai a layin, sauran duk gonakin masara. Ni na riga na yi aure a lokacin, zuwa kawai nake yi, amma duk zuwan da zan yi sai na tarar da su biyun a kan tabarma ɗaya, suna ɓarar gyaɗa suna musu a kan wadda ta fi iya miyar yakuwa. Da mahaifina ya rasu, ita ta kwana da Inna har aka yi sadakar bakwai. Da ciwon nan ya zo, kullum da hantsi sai ta shigo da kunun gyaɗa a kwanon sha, ta zauna ta ba Inna da cokali tana ba ta labarin unguwa. A hannunmu Inna cokali kaɗan take karɓa ta kau da kai. A hannun Maman Bariki sai ta ga ƙasan kwano.

Washegarin ranar da aka haƙo kwaɗon, da ta yi sallama da kwanonta, Gwaggo ta tare ta a zaure ta ce likita ya ce a rage masu shigowa. Ba zagi, ba ɗaga murya. Amma magana ba ta kwana a unguwa, kafin yamma ta ji abin da ake faɗa. Ba ta sake zuwa ba.

Inna ta daina cin abin kirki. Da hantsi sai ta kafa wa ƙofar zaure ido, in rana ta yi tsaka ba wanda ya shigo, ta juya fuska bango. Na ga zoben hannunta ya fara yawo a yatsa. Ni kuwa ba ni da haƙuri, kowa ya sani, tun ina yarinya ake ce mini bakina ba linzami. Na tsaya a tsakar gida na ce yunwa ce za ta kashe mana uwa ba sammu ba, a ba ni guduma in farfasa tsinannen ƙarfen nan kowa ya huta. Gwaggo ta yi wuf ta ɗauke shi ta ƙulle a bakin zaninta. Ta ce ahir ɗina. Irin wannan ba a fasa shi, ba a yanka shi. In aka fasa, bakin ya tafi ke nan har abada. Sai dai a buɗe shi lafiya lau, yadda aka kulle shi. Na ce to da wane mabuɗin? Ta ce mabuɗi ai yana hannun wanda ya kulle.

Na ɗauki hoton kwaɗon a wayata, na zagaya gidan Maman Bariki. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ba ta nuna mini komai a fuska ba. Abin da ta fara tambaya shi ne, "Mamanki ya ci abinci?" Duk daɗewarta a garin Bauchi ba ta taɓa raba "ya" da "ta" a Hausarta ba, Inna ta sha tsokanarta a kan haka har ta gaji. Na ce ba ta ci sosai.

Da na nuna mata hoton, ta kai wayar kusa da ido, ta nisanta, sai ta fashe da dariya, dariyar kuma ta juye kuka. Ta tashi ta shiga ɗaki, na ji tana buɗe kwanuka, ta fito da wani ɗan mabuɗi a tafin hannunta.

Ashe kwaɗon ƙofarsu ne. Na san ƙofar, na sha bi ta cikinta, kwaɗon ne ban taɓa lura da shi ba. A da katangar ta ƙasa ce, su biyun suka sa aka huda ta aka sa 'yar ƙofar kwano, don kada sai sun yafa mayafi sun zagaya ta titi in ɗaya na son gishiri a wurin ɗaya. Aka zura sarƙa ta wani rami, yadda kowacce za ta iya jawo kwaɗon ɓangarenta ta buɗe. Mabuɗi biyu, kowa da nata. Inna ce ta naɗe shi da tsumma mai mai ta rufe da leda, wai kada ruwan sama ya sa shi tsatsa, don ita komai nata sai ta yi masa riga, har rimot ɗin talabijin. Wata damina katangar ta zube, kwaɗon ya bi laka ya ɓace. Yayyena maza suka tayar da ta bulo, ba wanda ya tuna da zancen ƙofa. Na Inna mabuɗin ya daɗe da ɓata. Maman Bariki ta ajiye nata a cikin kwanon da take zuba allura da maɓallai, ita ma ba ta san dalili ba.

Ta ɗaura ɗankwali ta ce mu je yanzu ta buɗe kowa ya gani. Na riƙe mata hannu. Na gaya mata abin da Gwaggo ta ce, cewa mabuɗi yana hannun wanda ya kulle. In ta shiga gidan nan da shi, ta kai wa kanta shaida ne, kuma Inna ba ta da bakin da za ta wanke ta. Ko labarin ƙofar aka bayar, za a ce ai biri ya yi kama da mutum. Ta daɗe tana juya mabuɗin, sannan ta tambaye ni ko ta jefa shi masai ne. Na ce a'a, ta ajiye, zan nemo wata hanya.

Hanyar da na hango ita ce a sami wanda zai buɗe shi ba da mabuɗinsa ba, kuma ba tare da ya ji masa ciwo ba. A tunanina in ya buɗe, ko Inna ta yi magana ko ba ta yi ba, zancen ya mutu, Gwaggo ta sakar wa baiwar Allah mara. Da ƙyar Gwaggo ta yarda ta ba ni shi in kai kasuwa, sai da na rantse ba zan bari a sa masa zarto ba.

A kasuwar Muda Lawal, can bayan masu sayar da kwanuka, aka nuna mini wani dattijo mai yankan mabuɗi. Ɗan teburi ne da injin yanka, da mabuɗai rataye a waya kamar kifin da aka shanya. Ya karɓi kwaɗon ya auna nauyinsa a hannu, ya girgiza a kusa da kunne, ya ce tagulla ne na da, kuma wanda ya naɗe shi da tsumman nan ya yi masa gata. Sannan ya tambaye ni na wane ne, don shi ba ya buɗe kwaɗon da bai san mai shi ba. Na zayyana masa komai, ban da zancen mabuɗin Maman Bariki. Ko gezau bai yi ba. Ya ce ba ni ce ta farko ba, ana kawo masa irinsu daga rijiya da kushewa da gindin tsamiya, kuma tunda yake buɗewa bai taɓa samun komai a ciki ba sai ƙasa. Amma shi ba malami ba ne, ba ya musu da kowa, nasa buɗewa.

Na ce Baba, ta yaya za ka buɗe ba fasawa? Ya zaro wani mabuɗi daga aljihun gaban rigarsa, haƙoransa duk a zaizaye, kai ka ce na tsohuwar akuya. Ya ce a cikin kwaɗo akwai waɗansu 'yan ƙusoshi da ke tsaye suna tare hanya. Mabuɗin gaskiya lallashinsu yake yi, ya ɗaga kowanne daidai tsayinsa. Wannan kuwa razana su yake yi. A sa shi, a ɗan ƙwanƙwasa, su zabura su yi tsalle gaba ɗaya, kafin su dawo hanya ta buɗe. Ya ce ai ba banza aka sa masa suna kwaɗo ba, tsalle ne halinsa. Na yi dariya, rabona da dariya an kwana biyu.

Na ce ya sayar mini da mabuɗin in je in yi da kaina. Ya mayar da shi aljihu ya danne da hannu. Ya ce wannan ba ya kwana a aljihun kowa sai nasa, don abin da yake yi wa mai gida shi yake yi wa ɓarawo, kuma ba ya barin alama, mutum ya dawo ya tarar da ƙofarsa lafiya ƙalau, ɗaki wayam. Ya ce in je in jiƙa kwaɗon a kananzir ya kwana biyu, shi zai zo har gida. Hakan ma ya fi, don Gwaggo ta riga ta ce a gaban Inna za a buɗe.

Ya zo wata Juma'a bayan la'asar, a kan tsohon babur ɗinsa. Gwaggo ta share tsakar gida, ta sa turaren wuta, aka turo Inna a kekenta na marasa lafiya aka ajiye ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Matan yayyena suka jeru a jikin bango. Dattijon ya yi sallama, ya gaida Inna da jiki, ta ce to. Ya zauna a kan turmi, ya yi bisimilla, ya sa mabuɗinsa, ya ɗauki ƙotar sukundireba ya ɗan buga. Shiru. Ya sake. Shiru. Gwaggo ta zungure ni da gwiwar hannu, wai in gani, abin ba na banza ba ne. Shi kuwa ko a jikinsa, ya ce kwaɗo ne, sai ya ga dama yake tsalle. Ya ɗiga masa mai, ya hura, ya ci gaba da 'yan ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashensa kamar mai sallama a gidan surukai.

Can sai muka ji ƙaras. Bakin kwaɗon ya ɗago.

Ba zan ɓoye ba, ni da na yi ta hayaniya a kan hawan jini, bakin Inna na kalla. Na ce a raina ya Allah, ko ta wace hanya ce, ka ba ni muryar uwata. Gwaggo ta durƙusa a gabanta ta kama hannunta, ta kira ta, ta ce ta yi magana, an buɗe. Leɓen Inna ya motsa. Ta ce to.

Gwaggo ta share hawaye da bakin mayafi. Ta ce ba komai, abin ya daɗe a ƙasa, sai a hankali zai saki. Sai dai yanzu ne ma za a ƙara sa ido, don wanda ya yi na farko in ya ji an karya, zai sake wani. An yi ba a yi ba ke nan. Na wahalar da dattijo, na ƙona kananzir, Maman Bariki kuma tana nan a bayan katanga inda take. Na buɗe baki zan fara abin da na saba, sai na ga Inna ta miƙo hannunta na hagu.

Kwaɗon take so. Dattijon ya dubi Gwaggo, Gwaggo ta ɗaga kai, ya sa mata a hannu. Ta juya shi, ta shafa da babban yatsa, ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta kafa bakinsa a jikin ƙarfen kekenta, ta tattara ɗan ƙarfin da ya rage mata, ta danna.

Ƙaras. Ta kulle shi.

Gwaggo ta saki salati. Matan yayyena suka dafe ƙirji. Dattijon ya miƙa hannu zai karɓa ya sake buɗewa, Inna ta cusa kwaɗon cikin cinyarta ta danne, ta harare shi irin hararar da ta rene mu da ita. Sannan ta ɗaga hannu ta nuna katanga. Ba gindinta ba inda aka yi haƙa, can tsakiya, daidai inda 'yar ƙofar take a da. Ta nuna, ta dubi Gwaggo, ta sake nunawa. Ba ta sauke hannun ba.

Ni dai a nan na kasa riƙewa. Na ce Gwaggo, kwaɗon ƙofarsu ne, ita ta naɗe shi da hannunta, ɗaya mabuɗin yana wurin Maman Bariki, na hana ta kawowa ne don tsoron abin da za ki ce. Na jira ta ce ai ga shi nan, dama ta faɗa. Ba ta ko dube ni ba. Inna take kallo. Su biyun sun san juna tun Inna na amarya, sun yi faɗa sun shirya ba adadi, ba ta bukatar tafinta.

A hankali ta ce, "Mutum ba ya kulle bakinsa da hannunsa."

Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta sa takalmi. Na ce bari in je in kira Maman Bariki. Ta ce in zauna, ba ni na kore ta ba.

Ba su daɗe ba suka shigo, Gwaggo a gaba. Ban san me suka ce wa juna ba, har yau ba wadda ta gaya mini. Maman Bariki na riƙe da kwanon sha a rufe. Daga baya 'yarta ta gaya mini tun ranar da aka tare ta a zaure ba ta fasa dama kunun ba, kullum da hantsi sai ta dama ta rufe ta ajiye, in yamma ta yi ta ba jikoki.

Maman Bariki ta durƙusa a gaban keken, ta ajiye kwanon, ta kwance bakin zaninta ta fito da ɗan mabuɗin. Inna ta miƙa mata kwaɗon. Ta sa, ta murɗa, ya buɗe ba gardama, kamar jiya aka rufe shi. Ta ce, "Kin rame, maƙwabciya. Wa ya ce ki daina ci?"

Inna ta ce to. Amma wannan ta ja shi da tsawo, irin wanda take yi a da in baƙon da ta daɗe tana jira ya iso. Ta shanye kunun tas, duk da ya huce.

Dattijon ya tattara kayansa yana girgiza kai. Da na raka shi zaure ya ce tunda yake sana'ar nan bai taɓa ganin wanda ya ɓata masa aiki ya ji daɗi ba sai yau. Ya tayar da babur ɗinsa da ƙyar ya tafi.

Inna ba ta sake furta wata kalma ba ban da "to" ɗin nan guda ɗaya, har Allah ya karɓi abinsa. Gwaggo kuma ban taɓa jin ta ba da haƙuri da baki ba, ba halinta ba ne. Amma da magina suka dawo ƙarasa hanyar ruwa, na iso na tarar da ita tsaye a jikin katanga da gawayi a hannu, tana zana musu inda za su fasa. Ta ce su yi ta da faɗi, yadda keke zai wuce.